Gandayen Dajinmu na Ƙasa da Abin da Kowanne Ya Keɓanta da Shi

 A filin darasi na wannan fitowar, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun zaɓi mu yi magana a kan gandayen daji na ƙasa. Da yawa daga cikinmu idan aka ce gandun daji, gidan zu ne yake faɗo mana a rai, wato zaki a cikin keji ana jefa masa nama, ko biri yana miƙo hannu a ba shi gyaɗa. To, akwai bambanci babba. A gidan zu, dabbar aka ɗauko daga mazauninta aka kawo mana. A gandun daji kuwa dabbar tana gidanta, mu ne baƙi. Gwamnati ce take shata wani babban fili, sannan doka ta hana farauta da sare itace da noma da kiwo da haƙar ma'adinai a cikinsa, a kuma sa jami'an gandun daji su riƙa sintiri.

Tambayar da muka yi wa kanmu ita ce, me ya sa ake zaɓar wannan daji a bar wancan? Amsar da muka samu ita ce, kowane gandu yana da wani abu a jikin ƙasarsa wanda ba kasafai ake samun irinsa ba: ko maɓuɓɓugar ruwa, ko tsauni, ko kurmi, ko fadama. Wannan abin shi yake riƙe dabbobin a wurin. Ko gandun daji na ƙasa na farko a duniya, wato Yellowstone da ke Amurka, wanda aka kafa a 1872, abin da ya fi jan hankalin waɗanda suka keɓe shi shi ne ruwan zafi da yake tsartuwa daga ƙarƙashin ƙasa yana yin sama. Mu ma a nan Nijeriya, in kun lura da kyau, kusan duk inda muka taɓo a wannan darasi sai maganar ruwa ta shigo.

Gandayen da aka daɗe da sani a hannun Gwamnatin Tarayya guda bakwai ne: na Tafkin Kainji, da Gashaka-Gumti, da Kamuku, da na Yankin Tafkin Chadi, da na Tsohuwar Oyo, da na Kuros Riba, da Okomu. Mun san yanzu wani zai ce, ina Yankari? 'Yan aji uku masu shirin jarrabawa, a buɗe kunne a nan. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991. Amma a 2006 an mayar da shi hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Saboda haka idan aka ce ka lissafo gandaye na ƙasa, Yankari ba ya ciki, ko da yake ya fi su duka suna. Duk da haka da shi za mu fara, domin shi ne ya fi nuna abin da muke son faɗa.

Ruwan Wikki

Yankari yana kudu maso gabas da garin Bauchi, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. A tsakiyarsa akwai wani ruwa da ake kira Wikki, wanda yake ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse. Ruwan garai-garai yake, mutum yana tsaye a ciki yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi. Abin mamakinsa shi ne ɗuminsa ba ya canzawa. Dare da rana, rani da damina, yana nan a wajen digiri 31 a ma'aunin Salshiyas. Jikin ɗan'adam mai lafiya yana wajen digiri 37 ne, ke nan ruwan bai kai ya ƙona kowa ba. Da sanyin hunturu sai ka ji shi kamar an sirka maka ruwan wanka, da zafin bazara kuma sai ka ji shi da ɗan sanyi-sanyi, alhali shi bai canza ba, iskar waje ce ta canza.

Wa yake dafa shi? Babu wuta a ƙarƙashin dutsen kamar yadda wasu yara suke zato. Ƙasar wurin dutsen yashi ce, irin dutsen da yake shan ruwa kamar soso. Idan aka yi ruwan sama sai ya nutse ta cikinsa a hankali ya yi nisa. Shi kuwa cikin ƙasa, gwargwadon zurfinka gwargwadon zafin da za ka tarar. Can ruwan yake ɗaukar ɗumi, sannan ya sami tsaga ya biyo ta ya fito. Da yake tafiyar tasa mai tsawo ce, zafin rana ko sanyin dare na sama ba sa isa inda yake balle su canza shi. Yashin da ya ratso kuma shi ya tace shi.

An ƙiyasta cewa Wikki yana fitar da ruwa wajen lita miliyan 21 a kowace rana. Mun zauna mun buga lissafi domin adadin ya shiga kai. Idan aka zuba shi a jarka mai lita 25, za a cika jarka 840,000. Idan kurar ɗan ga-ruwa tana ɗaukar jarka 12, sai an yi sawu 70,000 kafin a kwashe ruwan yini ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da asuba kafin ya taho makaranta ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Ruwan Wikki da na wasu ƙananan maɓuɓɓugai yana gangarawa cikin Kogin Gaji, shi ya sa kogin ba ya ƙafewa ƙaf ko da rani ya yi tsanani. A nan sirrin Yankari yake. Da damina dabbobi suna warwatsuwa ko'ina domin kowane kwari da ruwa, ga ciyawa ta fi tsawon mutum, da wuya ka ga komai. Da rani kuwa tafkuna sun bushe, dole kowa ya gangaro bakin Gaji: ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da mugun dawa, ga dorina da kada a cikin ruwa, ga zaki yana laɓe yana jiran rabonsa, ko da yake zakunan da suka rage kaɗan ne ƙwarai. Wannan ne dalilin da ya sa masu ziyara suka fi zuwa tsakanin ƙarshen Disamba da Afrilu. Su kuwa bika, wato manyan biran nan masu dogon baki, ba sai an je neman su ba. A masaukin baƙi suke yini, kuma duk wanda ya ajiye ledar burodi ya juya baya, to ya yi sadaka.

Giwaye su ne abin alfaharin Yankari. Garken da ke can yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan, amma duka-duka ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150 ne, wato ba su kai yawan ɗaliban aji biyu ko uku na makarantarmu ba. Giwa ɗaya tana iya shan ruwa fiye da lita 100 a rana, ke nan in babu Gaji babu giwa. Masu neman haure sun kashe da yawa a shekarun baya. Ita kuma giwa ba ta saurin haihuwa, cikinta kusan wata 22 ne, ɗa ɗaya take haifa, sannan ta yi shekaru kafin ta sake. Shi ya sa idan aka kashe goma, mayar da gurbinsu aikin shekaru ne masu yawa. Raƙumin dawa ma a da yana yawo a Yankari, yanzu ya ƙare a can.

Sai dai maganar giwa tana da ɗaya gefen, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Yankari ba shi da katanga. Idan amfanin gona ya nuna, giwaye sukan fito su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, a dare ɗaya su tattake dawa ko masarar da magidanci ya yi damina guda yana wahala a kai. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne ko jikokinsu, mun san abin da rumbu wayam yake nufi. A ganinmu ba daidai ba ne a ce wa irin wannan manomi ya yi haƙuri kawai saboda baƙi suna son ɗaukar hoto. Daga cikin dabarun da aka gwada akwai ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura, wadda take nuna inda garken yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, don jami'ai su riga su isa bakin gona su kora su. An kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan aikin sa ido da kai rahoto. Dabara ce mai kyau, amma muna ganin wanda aka riga aka yi wa ɓarna shi ma ya cancanci a share masa hawaye.

Mutane ma sun taɓa zama a cikin dajin tun kafin a keɓe shi. Har yanzu akwai ƙananan ɗakuna da aka fafe a jikin dutse, waɗanda ake kira Kogunan Marshall, da rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, da kufan wuraren narkar da tama. Su ma ruwan ne ya zaunar da su.

Inda ƙasarmu ta fi tsawo

Daga Bauchi sai mu nufi kudu maso gabas zuwa iyakar Kamaru, inda gandun Gashaka-Gumti yake a jihohin Taraba da Adamawa. Shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato ya fi Jihar Legas gaba ɗayanta faɗi. Ɓangaren Gumti da ke arewa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka da ke kudu kuwa tsaunuka ne da kwazazzabai da kurmi. A can ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419 sama da teku. Don a gane, birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6, saboda haka a lokacin da muke fifita da littafi a aji, wanda yake kan dutsen nan bargo yake nema.

Aikin tsaunukan ya wuce ban sha'awa. Iska mai ɗauke da laima idan ta taso daga teku ta ci karo da su, sai ta hau sama ta yi sanyi ta zubar da ruwa. Kurmin da ke jikin tsaunukan sai ya riƙe ruwan a cikin saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, yana sakin sa kaɗan-kaɗan. Daga nan koguna irin su Kam suke samun ruwa, su zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja. Idan aka aske kurmin, ruwan zai sauko gaba ɗaya da damina ya yi ambaliya, da rani kuma a rasa shi. Masunci a Ibi ko Makurɗi wataƙila bai taɓa ganin Gashaka ba, amma abincinsa yana da alaƙa da itatuwan can. Wannan ya sa saran madobiya da aka yi ta yi a Taraba a shekarun baya ana fitar da katakon zuwa ƙasar Sin ya tayar wa masu kula da gandun hankali.

A cikin kurmin Gashaka akwai birin cimfanzi, wani iri da ba a samun sa sai a Nijeriya da Kamaru. Masu bincike da suka daɗe suna bin su sun ga suna karyo tsinke su gyara shi, su zura a rami su lakato zuma, ko su tsoma shi cikin kwarkwasa su suɗe. Kullum da yamma kuma kowanne yana lanƙwasa rassa ya yi wa kansa sabon gado a kan bishiya. Wasu 'yan ɗakin kwana da ba sa gyara gadonsu sai an yi musu magana, ga abin koyi.

Sauran a gurguje

Kainji shi ne na farko da aka kafa, a 1979, a jihohin Neja da Kwara, kuma yana da ɓangare biyu, Borgu da Zugurma. Tafkin da ya ci sunansa ɗan'adam ne ya samar da shi, lokacin da aka tare Kogin Kwara da madatsar wutar lantarki wadda aka gama a 1968. Ruwan ya cinye tsohon garin Bussa, aka gina wa mutanensa sabo.

Kamuku yana Birnin Gwari a Jihar Kaduna, ya zama gandu na ƙasa a 1999. Abin kallonsa duwatsu ne. Akwai Goron Dutse, da wurin da ruwa yake zubowa daga kan dutse a Dogon Ruwa, da Tsaunin Rema, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su. Rema wata 'yar dabba ce mai kama da zomo marar dogon kunne, kuma abin dariya, masana sun ce a cikin dabbobi giwa tana daga cikin danginta na kusa. Abin takaici, matsalar 'yan bindiga a dazuzzukan yankin ta sa mutane sun fi jin sunan Kamuku a labaran tashin hankali fiye da darasin labarin ƙasa.

Na kudu kuwa, Kuros Riba kurmi ne mai duhu inda ruwan sama yake sauka mafi yawan watannin shekara, kuma can ne ake samun wani irin gwaggon biri wanda 'yan ɗaruruwa kaɗai suka rage a duniya. Okomu a Jihar Edo shi ne ƙaraminsu, yana da giwayen kurmi, waɗanda ba su kai na Yankari girma ba. Gandun Tsohuwar Oyo kuma yana ɗauke da kufan babban birnin daular Oyo, wanda Hausawa fatake suke kira Katunga.

Yashi da fadama a gandu ɗaya

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne gandun Yankin Tafkin Chadi, a jihohin Borno da Yobe. Shi ba a dunƙule yake ba, yanki uku ne a warwatse. Chingurmi-Duguma yana Borno, dab da gandun Waza na Kamaru. Bulatura yana ƙaramar hukumar Yusufari a Yobe, inda tuddan yashi suke kamar a tsakiyar Sahara, amma a ƙasan tuddan sai ka tarar da kwari mai ruwa da dabino da goriba, har ana ɗibar kanwa. Na ukun shi ne fadamar Bade da Nguru, inda tafkin Dagona yake.

Wannan fadama ta samu ne saboda ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce. Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are idan suka iso sai su rasa gangara, su rarrabu, su malale a kan fili mai faɗi, kafin ragowar ruwan ya tattaru ya zama Kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. A tsakiyar ƙasa mai ƙarancin ruwan sama sai ga shinkafa, ga kifi, ga ciyawar shanu har cikin rani.

Ga kuma tsuntsaye. Akwai na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma baƙi. Idan sanyi ya kama a Turai da arewacin Asiya, ruwa ya daskare, abinci ya yi wuya, sai agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara. Wuri mai ruwa na farko da za su tarar bayan hamada shi ne irin wannan fadama. Suna isowa wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris ko Afrilu. Wata ƙaramar agwagwa a cikinsu nauyinta bai wuce rabin kilo ba, amma tana yin tafiyar dubban kilomita, babu fasfo babu biza. Kada a haɗa su da shamuwa. Ita da damina take zuwa mana, idan rani ya yi kuma kudancin Afirka take tafiya.

To, a nan ne darasin ya zo har ƙofar gidanmu. Kogin Haɗeja haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa ne. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka gina ta Challawa a 1992. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura, tumatirin miyarmu da shinkafar da muke ci da yawa daga can suke, kuma madatsun biyu suna taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. Babu mai cewa wannan ba alheri ba ne. Amma tun da aka tare kogunan, ambaliyar shekara-shekara da take cika fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu. A da ruwa yakan zo da ƙarfi da damina, ya janye da rani. Yanzu a wasu wurare yana kwance duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta cinye gonaki, sannan tsuntsayen jan baki masu cin gero da shinkafa suka sami wurin kwana a cikinta. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, wani kuma na gaba da shi ruwan ya daina isa.

Jami'in gandun daji yana iya kama mafarauci a Dagona, amma ba shi da iko a kan ƙofar madatsar da take ɗaruruwan kilomita daga inda yake. Mu dai a namu ɗan tunanin, idan za a saki ruwan madatsa, ya kamata a riƙa lissafawa da masunta da manoma da makiyayan da ke can ƙasa, ba na kusa kaɗai ba.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a ƙara sababbin gandaye na ƙasa guda goma. A cikinsu akwai dajin Kogo a Jihar Katsina, da Falgore a Jihar Kano, da fadamar Baturiya a Jihar Jigawa. Duk mai son ya gwada kansa, ya je wajen taswirar Nijeriya da ke ofishin malamai, ya nemi izini, ya ɗora yatsa a kan Falgore. Kogin Kano ta cikin dajin yake ratsawa kafin ya shiga Tiga. Ya bi shi da yatsa ya wuce Wudil, ya wuce Haɗeja, zai iske kansa a Baturiya, in ya ƙara gaba kuma ya isa Nguru da Gashuwa.